Guntun Gatarinka: Masu Jinkirin Fahimta da Aikin Dindindin a Masana'antu



Da farko ina godiya ga ƙungiyarku da ta ba ni wannan dama. Ina kuma roƙonku ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci, domin maganar da na zo da ita ba ta cikin waɗanda aka saba jiyowa daga wannan zaure, kuma mutanen da ta shafa babu ɗayansu da zai taɓa zama a kan kujerun da kuke zaune.

Shekarun baya na je gaishe da wata gwaggona, ƙanwar mahaifina. Tana da ɗa wanda a lokacin ya haura shekara 25. Shi ke ɗebo ruwan gidan, shi ke yanko wa awaki ciyawa, ya san kowace akuya da halinta, amma in aka aike shi kasuwa bai san canjin da zai karɓo ba, makaranta kuwa tun yana aji biyu aka ce a komo da shi gida. Da na tashi sallama sai ta riƙe hannuna ta ce, "Kai ɗan nan, kai da ka yi boko. Yau ci da shansa ba su dame ni ba. Amma ranar da na kwanta dama, wa zai riƙe shi?" Na yi shiru, na rasa ta cewa. Wannan lacca ita ce amsar da ya kamata in ba ta a ranar.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san su wa muke magana a kai. Masu jinkirin fahimta mutane ne waɗanda tun daga ƙuruciya koyon abu ke yi musu wuya fiye da sa'o'insu: karatu, lissafi, sanin lokaci, sarrafa kuɗi, riƙe umarni mai tsawo. Wannan dabam yake da taɓin hankali, ko da yake mutanenmu kan haɗa su su yi musu kuɗin goro. Mai taɓin hankali ciwo ne ya same shi, ana yi masa magani, yana iya warkewa. Mai jinkirin fahimta kuwa hankalinsa na jikinsa, sai dai yana ɗaukar abu sannu sannu, kuma haka zai kasance har ƙarshen rayuwarsa. Dalilan abin suna da yawa. Wani da shi aka haife shi, wani doguwar naƙuda ce ta hana iska isa ƙwaƙwalwarsa, wani shawara ce ta kama shi yana jinjiri, wani sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, wani kuwa ƙarancin sinadarin ayodin ne a abincin uwarsa. Kuna tune da gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan Zamfara cikin 2010, ta kashe yara fiye da 400. Dalma tana lahanta ƙwaƙwalwar yaro ko da ya tsira da rai, yaran da suka tsira kuwa yanzu sun kai, ko sun kusa kai, shekarun neman abin yi. Masana sun ƙiyasta cewa a duniya kimanin mutum 1 cikin kowane 100 yana da wannan lalura. Ku auna da yawan jama'ar garinku, ku ga abin da lissafin zai ba ku.

Harshenmu bai yi musu adalci ba. Muna ce musu dolo, gaɓo, sususu, sa'an nan mu yanke hukunci cewa ba su koyuwa. Abin da nake so in tabbatar muku yau shi ne, mafi yawan abin da ke hana irin waɗannan mutane aikin masana'anta yana tattare da yadda ake koyar da aikin da yadda aka tsara shi, kuma dukansu biyu abubuwa ne da ke hannun masu ilmi irinku. Gani ya kori ji, saboda haka zan kawo muku abubuwan da suka faru a ƙasashe uku.

Na farko a Amurka ne. Wani malami a Jami'ar Illinois mai suna Marc Gold ya buga sakamakon wani bincike cikin 1972. Ya ɗauki matasa 64 masu jinkirin fahimta, matsakaici da mai tsanani, daga wuraren da ake tara su ana ba su ƙananan ayyuka na rage lokaci, ya koya musu harhaɗa birkin keke, irin wanda ke cikin cibiyar ƙafar baya. Birkin farko guntaye 15 gare shi, na biyu 24, kuma tilas kowane guntu ya shiga a gurbinsa, ta fuskar da ta dace, a kan jerin da ya dace. Duk wanda ya taɓa zama wurin mai gyaran keke ya san wannan ba wasan yara ba ne. Matasan nan suka koya. Bayan shekara guda aka sāke gwada su, aka tarar aikin bai ɓace musu ba.

Yaya aka yi haka? Gold ya rarraba aikin daki daki, kowane motsi na hannu ya zama mataki guda. Ya jera guntayen a faranti bisa tsarin da za a ɗauke su, daga wannan gefe zuwa wancan. Mai koyarwa yakan zauna kusa da ɗalibi, ba ya yawan magana, in ya ga dama ya kama hannunsa ya nuna masa, sa'an nan ya riƙa janye taimakon kaɗan kaɗan har ɗalibin ya tsaya da ƙafarsa. In aka yi kure babu tsawa, babu dogon bayani, sai ya ce masa ya gwada wata hanya, har wannan kalma ta zama sunan tsarin gaba ɗaya. Ra'ayin Gold shi ne, in ɗalibi ya kāsa, abin da za a fara tuhuma shi ne hanyar malami. Ya kuma lura da wani abu game da halin ɗan Adam: gwargwadon gwanintar mutum a aikin da ake bukata, gwargwadon yadda jama'a ke kau da kai daga bambancinsa. Mu ma mun san haka. Maƙerin da ya iya ƙira babu mai damuwa da in'inarsa.

Mai shakka yana iya cewa wannan gwaji ne na jami'a, kasuwa kuwa ba ta san tausayi ba. To, mu je ƙasar Japan, ga wani kamfani mai yin alli, irin wanda malamanku ke rubutu da shi a allo. Sunansa Nihon Rikagaku, an kafa shi cikin 1937. A 1959 wani malamin makarantar yara masu jinkirin fahimta ya je wurin Yasuhiro Oyama, ɗan mai kamfanin, yana nemar wa ɗalibansa mata biyu aiki. Oyama ya ƙi. Malamin ya komo, aka sāke ƙi. A zuwa na uku ya ce ya haƙura da batun ɗauka, a bar su kawai su ɗanɗana aiki na mako biyu, domin in ba haka ba za a kai su gidan reno su ƙare rayuwarsu ba su san abin da ake nufi da aiki ba. Aka ba su aikin manna takarda a jikin kaya. 'Yan matan nan suka duƙufa, ko an kaɗa ƙararrawar hutu ba su ɗagowa sai an dafa kafaɗarsu. Da mako biyun ya cika, ma'aikatan kamfanin ne da kansu suka tashi suka roƙi a ɗauke su, suka ce abin da suka gaza su za su cika. Aka ɗauke su cikin 1960. Ɗaya daga cikinsu ta yi fiye da shekara 50 tana aiki a wurin.

Abin da ya biyo baya shi ya fi amfani a gare mu. Da yawansu ya ƙaru sai matsala ta taso: ba su iya karanta sunan sinadaran da ake haɗawa ba, ba su iya karanta lambobin sikeli ba. Oyama ya yi tunani, ya ce mutanen nan kullum su kaɗai suke zuwa aiki, suna ƙetare manyan tituna lafiya, watau ke nan sun san ma'anar fitilun kan hanya, sun san launi. Sai aka zuba wannan sinadari a jan gwangwani aka yi masa jan dutsen awo, wancan a shuɗin gwangwani da shuɗin dutse. Ma'aikaci ya ɗebo daga ja, ya ɗora jan dutse, in sikeli ya daidaita an gama. Wanda bai san agogo ba aka ba shi kwalbar yashi: ya kifa ta in ya tā da inji, ya kashe in yashin ya ƙare zuba. Wajen auna kaurin alli aka yi wani ma'auni mai rami, wanda ya cika kauri ba ya shiga, wanda ya cika siranta ya zarce ƙasa. Da wannan tsari kamfanin ya kai ga cewa kusan bakwai cikin kowane goma na ma'aikatansa masu jinkirin fahimta ne, a masana'antunsa na Kawasaki da Bibai, ya kuma zama kan gaba wajen sayar da alli a Japan. Makarantun da ke sayen allin saboda kyansa suke saye, da yawansu ba su ma san wanda ya yi shi ba. Ku lura kuma, sai a 1998 dokar Japan ta sa masu jinkirin fahimta cikin lissafin kason da ya wajaba kamfanoni su ɗauka. Kamfanin allin ya riga doka da shekara 38.

Ina so ɗaliban injiniya su ƙara buɗe kunne a nan. Irin wannan dabara ba sadaka ba ce da ake yi wa naƙasassu, ita ce tushen aikin masana'anta mai kyau. Shigeo Shingo, injiniyan da ya yi suna wajen tsarin aikin kamfanin Toyota, ya tarar da wata masana'anta a farkon shekarun 1960 inda ma'aikata, masu cikakkiyar fahimta kuwa, ke mantawa da sa wani ɗan ƙaramin sifirin a cikin makunnin lantarki. Faɗa bai hana ba, gargaɗi bai hana ba. Sai ya ce kowa ya fara ɗora sifirin biyun a ɗan faranti kafin ya soma haɗawa, in ya gama ya ga saura ɗaya a faranti ya san ya yi mantuwa. Matsalar ta ƙare. Da farko sunan da aka ba irin wannan dabara yana nufin maganin wawa, amma da wata ma'aikaciya ta ji zafin sunan sai aka sauya shi ya koma maganin kure. Watau abin da ke sauƙaƙa wa mai jinkirin fahimta aiki shi ne kuma ke kāre gwani daga kure ranar da ya gaji ko hankalinsa ya tafi gida.

Yanzu mu zo kan kalmar dindindin, domin nan ne aka fi yin tuntuɓe. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Ingila ta kafa wani kamfani mai suna Remploy domin bai wa naƙasassu aiki, ta buɗe masana'antarsa ta farko a garin Bridgend da ke Wales cikin 1946. Abin ya bunƙasa har masana'antun suka kai wajen 90, ma'aikata kuma wajen dubu goma, daga baya har da masu jinkirin fahimta a cikinsu. Niyyar kyakkyawa ce, mutane da yawa kuma sun sami mutunci da abokai a wurin. Amma masana'antun na keɓe ne, kuma da tallafin gwamnati suke numfashi. Cikin 2012 gwamnati ta ce kowane ma'aikaci ɗaya yana cin mata kimanin fam 25,000 a shekara, ta janye hannunta, kafin ƙarshen 2013 an rufe ko an sayar da dukansu. Da yawa daga cikin waɗanda aka sallama sun daɗe ba su sami wani aikin ba. Ko a ƙasar mai arziki irin wannan, ƙididdigar 2021 zuwa 2022 ta nuna cewa cikin manya masu jinkirin fahimta da ƙananan hukumomi ke tallafa wa a Ingila, waɗanda ke aikin albashi ba su wuce 5 cikin 100 ba. A Amurka kuma wata doka ta 1938 ta ba da izinin biyan naƙasasshe ƙasa da mafi ƙarancin albashi, aka kuwa yi shekaru ana fakewa da ita ana ci da guminsu.

Darasin a fili yake. Aikin da aka ƙirƙira don tausayi, ranar da aljihun mai tausayin ya bushe ranar zai mutu. Aikin da zai dawwama shi ne wanda masana'anta ke bukatarsa ko da wannan mutum ko babu shi, wanda in bai zo ba ranar sai an ji a jiki. Don haka ne tun daga shekarun 1980 masana suka juya tsarin. A dā sai a ce a horar da mutum a wata cibiya har ya shirya, sa'an nan a nema masa aiki, shirin kuwa ba ya ƙarewa, domin mai jinkirin fahimta yana shan wuya wajen ɗaukar abin da ya koya a wani wuri ya kai shi wani. Yanzu sai a fara sama masa gurbin, sa'an nan a koya masa a kan injin da zai riƙe, tare da mutanen da zai zauna da su.

Mai wannan ɗawainiya shi ake kira mai jagorar aiki. Shi zai fara zama da mutumin da iyayensa ya san abin da yake so da abin da ya iya. Shi zai shiga masana'anta ya koyi aikin da hannunsa, ya rarraba shi daki daki. Shi zai tsaya kusa da sabon ma'aikaci a makonnin farko, ya koya masa har da abubuwan da ba a rubuta ba: motar da zai shiga, inda ake ajiye takalmi, wanda zai gaya wa in ba shi da lafiya, yadda ake gaishe da shugaban sashe. Sa'an nan ya janye sannu sannu ya bar shi a hannun abokan aikinsa, amma ba ya ɓacewa, domin ranar da aka sauya inji ko aka kawo sabon shugaban sashe, ranar ce aikin ke cikin haɗari. Wani shiri da aka fara a asibitin yara na birnin Cincinnati cikin 1996, mai suna Project SEARCH, wanda daga baya ya bazu har cikin masana'antu a ƙasashe da dama, yana sa matashi ya zagaya sassa uku na ma'aikata cikin shekara guda. Ba su lissafa an ci nasara sai ya sami aiki cikin sauran jama'a, na duk shekara, na aƙalla awa 16 a mako, da albashi daidai da na kowa. Wannan ma'auni ne da ya kamata mu ara.

Na san abin da ke zuciyar waɗansunku. Kuna cewa, mu da za mu fita da digiri ba mu da tabbacin aiki, masaƙun Kakuri sun daɗe da yin shiru, rabin ƙofofin Sharaɗa da Bompai a garƙame, ina wani batun dolo? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Amma aikin da muke magana a kai, watau cika kwali, manna takarda, tantance kaya, haɗa guntaye, ba shi kuke nema ba, kuma shi ne aikin da masu masana'antu ke kukan ma'aikata ba su daɗewa a kansa. Bayan haka, duk mutumin da bai sami abin yi ba nauyi ne a kan wani, galibi uwa ko 'yar'uwa, wadda ita ma ta bar nata neman don ta tsare shi. Wani zai ce ai inji na da haɗari. Gaskiya ne, amma injin da ba shi da murfin kariya yatsun kowa yake ci, gyaransa kuwa wajibi ne tun kafin a zo maganar naƙasa. Abin tsoro na ainihi shi ne zalunci: a ɗauki mutum don bai iya ƙirga kuɗinsa ba, a biya shi da kwanon abinci, ko a mai da shi abin dariyar sashe. Maganin wannan shi ne takardar ɗaukar aiki a rubuce, da albashi ta banki, da wani amintacce daga waje mai leƙowa, da ƙungiyar ƙwadago da ta ɗauke shi ɗanta.

A wajen doka ba mu zauna hannu rabbana ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu cikin 2010, kuma a Janairun 2019 aka sa hannu a dokar da ta hana nuna musu bambanci, wadda ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na gurabensu. Sai dai wannan kaso bai hau kan masana'antu masu zaman kansu ba, kuma ko inda ake cika shi, mai jinkirin fahimta ne na ƙarshe a layi, domin makaho da gurgu suna iya tashi su yi wa kansu magana, shi kuwa sai an yi masa. Japan ta ɗora wa kamfanoni masu zaman kansu kashi 2.5 cikin 100 a Afrilun 2024, manyan da suka gaza kuma suna biyan kuɗi a kan kowane gurbin da ba su cika ba. Ɗaliban shari'a da ke cikinku, ga abin nazari nan.

To, me nake nema a wurinku? Abu uku ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfin ɗalibi. Na ɗaya, da yawanku za su tafi koyon aiki a masana'antu a ƙarƙashin shirin SIWES. In kun je, ku zaɓi aiki guda ɗaya da ake maimaitawa, ku rubuta matakansa ɗaya bayan ɗaya, ku tambayi kanku wane mataki ne ke bukatar karatu ko lissafi, kuma da wane launi, ko hoto, ko ma'auni za a iya maye gurbinsa. Wannan ya isa ya zama aikin bincikenku na shekarar ƙarshe. Na biyu, ɗaliban sashen ilmi na musamman da na injiniya ku daina zama kamar ba ku san juna ba. Ɗaya ya san mutumin bai san inji ba, ɗaya ya san inji bai san mutumin ba, mai jagorar aiki kuwa daga haɗuwarku zai fito. Na uku, nan da shekara goma waɗansunku ne za su riƙe sassa, su sa hannu a takardun ɗaukar ma'aikata. Ranar da wani malami ko wata uwa ta tsaya a ƙofar ofishinku, ku tuna cewa mai kamfanin allin nan ma sau biyu yana ƙi, abin da ya sauya ra'ayinsa kuwa gwajin mako biyu ne kacal. Ku ba da mako biyun.

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sāri ka ba ni. Mun daɗe muna ba waɗannan bayin Allah aron gatari, muna kiransa taimako, alhali abin da suke bukata shi ne nasu na kansu, komai gajartarsa. Gwaggona ta rasu ban kai mata amsa ba, ɗanta yana nan a hannun ƙanwarsa, har yanzu shi ke yanko wa awaki ciyawa, kuma har yanzu babu wanda ya taɓa zama ya koya masa wani aiki daki daki, har da ni mai wannan magana. A kowace unguwa da kuka fito akwai irinsa, akwai kuma uwa mai irin tambayarta. Ina fatan in ta tare ɗayanku da ita, ba zai yi shirun da na yi ba.